Zare da Zubi: Tarken Fina-finan Hausa na Zamanin Kaset

Gabatarwa

Yawancin sharhin da aka yi a kan fina-finan Hausa na shekaru goman farko, watau daga 1990 zuwa wajen 2000, ya tsaya ne a kan jigo da tarbiyya. Wasu manazarta sun duƙufa wajen gano inda aka kwaikwayi Indiyawa, wasu kuma wajen auna ko abin da aka nuna ya dace da al'ada da addini. Idan aka zo kan zubi kuwa, hukuncin kusan iri ɗaya ne a bakin kowa: fitowa ta cika tsawo, surutu ya yi yawa, kyamara ba ta motsi, hoto dishi-dishi, murya ba ta fita sosai. Daga nan sai a ɗora laifin a kan ƙarancin ilmin masu shiryawa, a wuce zuwa wani batu.

Wannan hukunci yana da ƙamshin gaskiya, amma an yanke shi ba tare da an saurari babban mai shaida ba, watau kayan aikin da aka yi fina-finan da su. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa da yawa daga cikin abubuwan da ake kira aibi a zubin waɗannan fina-finai sun samo tushe ne daga irin kyamara da irin kaset da aka yi aiki da su, sa'an nan ta ware abin da na'ura ta tilasta daga abin da mai shiryawa ya zaɓa da kansa. Tarken da bai yi wannan wariya ba yakan zargi mutum a kan laifin na'ura, wani lokaci kuma ya yafe masa nasa laifin.

Asalin zaren

A shekarar 1956 ne kamfanin Ampex na Amurka ya fito da na'urar farko da tashoshin talabijin suka karɓa don naɗar hoto a kan zare mai maganaɗisu. Faɗin zaren inci biyu ne, na'urar kuwa girmanta ya kai na babban kabad, kuɗinta ma sai manyan tashoshi. Kamfanonin Japan ne suka rage wa abin girma har ya shiga hannun talaka. A 1971 Sony ya fito da U-matic, wanda ya sa zare mai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci a cikin kaset, babban yana ɗaukar sa'a guda, ƙaramin da ake fita waje da shi minti 20. Shi ne ya zama jakin aikin tashoshi da yawa a duniya, har da na Nijeriya, kafin Betacam ya zo a 1982 ya karɓe ragamar aikin ƙwararru.

Na gida kuwa biyu ne suka yi takara. Sony ya fitar da Betamax a 1975, JVC ya biyo da VHS a 1976, dukansu da zare mai faɗin rabin inci. Kaset ɗin Betamax na farko sa'a ɗaya yake ɗauka, na VHS sa'a biyu, kuma JVC ya sakar wa wasu kamfanoni irin su Matsushita, mai alamar Panasonic, da Hitachi da Sharp izinin ƙera na'urar. Wannan ya sa VHS ta yi yawa ta yi araha. A 1988 Sony da kansa ya soma ƙera na'urar VHS, aka san takara ta ƙare.

Abin lura a cikin wannan tarihi shi ne dalilin da ya sa aka ƙirƙiri VHS. An yi ta ne don magidanci ya naɗi shirin talabijin da ake nunawa lokacin da ba ya gida, ya dawo ya kalla. Waɗanda suka tsara ta sun sayar da kyan hoto suka sayi tsawon lokaci da sauƙin kuɗi, domin a ganinsu abin da aka naɗa sau ɗaya za a naɗe shi, a kalla, a goge. Ba su yi tanadin cewa wata rana za a ɗauki wasa da ita, a yanka, a haɗa, a gurza dubbai a kai kasuwa ba. A kan wannan zare ne kuwa aka gina sana'ar fim a Kano, kamar yadda aka gina ta a Legas da Onica, inda Living in Bondage ya fito a 1992.

Daga majigi zuwa kaset

Kafin bidiyo an yi fina-finan Hausa a kan fim na majigi. Adamu Halilu ya shirya Shaihu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Saddik Ɓalewa ya yi Ƙasarmu Ce a 1991, Brendan Shehu kuma ya mai da wasan Kulɓa Na Ɓarna fim a farkon shekarun 1990. Amma wannan hanya ta riga ta soma toshewa tun 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi. Ɗanyen fim daga waje ake sayo shi da kuɗin waje, kuma galibi a waje ake wanke shi. Nadi ɗaya na fim mai faɗin milimita 16, mai tsawon ƙafa 400, minti 11 kacal yake ɗauka, kuma da zarar haske ya taɓa shi ya gama aiki, ko ɗaukar ta yi kyau ko ba ta yi ba.

A ɗaya gefen kuma akwai gadon talabijin. Tun daga Rediyo da Talabijin na Kaduna da aka buɗe a 1962, zuwa tashoshin NTA, zuwa CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano, wadda daga baya aka sa wa sunansa, an raini 'yan wasa da masu ɗaukar hoto da masu kallo a kan shirye-shirye irin su Samanja da Karkuzu da Kuliya Manta Sabo. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda Salisu Galadanci ya ba da umarni, kuma ake ɗauka shi ne fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya samu karɓuwa a kasuwa, daga wannan tukunya aka ɗebo mutane da dabarun wasa. Kayan aiki ne dai ba a ɗebo daga can ba. Abin da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suka iya kaiwa gare shi shi ne kyamarar kafaɗa mai cin cikakken kaset na VHS, irin wadda ake haya don ɗaukar biki da suna da naɗin sarauta. Fim ɗin Hausa na farko ƙanen bidiyon biki ne ta wajen kayan aiki, ɗan wasan talabijin ne ta wajen 'yan wasa, kuma dangantakarsa da silima ta nesa ce. Wanda ya auna shi da ma'aunin silima ya ɗauko mudun wata kasuwa.

Ɗauka da araha, yanka da tsada

A nan ne babban al'amarin yake, don haka ya kamata a tsaya a kansa. A aikin majigi ɗauka ce mai tsada. Kowace daƙiƙa da kyamara ke juyawa kuɗi ne ke ƙonewa, saboda haka ala tilas a rubuta wasa, a yi gwaji, a san inda kyamara za ta tsaya kafin a kunna ta. Yanka kuwa ba ya rage wa hoto komai, domin almakashi ne da gam. Abin da aka ɗauka shi ne ake liƙawa. A aikin VHS sai lissafin ya juye. Nijeriya tana bin tsarin PAL, kuma kaset ɗin da ya fi yawa a kasuwa, mai lamba E-180, sa'a uku yake ɗauka a kan kuɗi kaɗan, in ɗaukar ba ta yi ba a mayar da zare baya a sake a kansa. To amma zaren bidiyo ba a yanka shi da almakashi, domin kawunan na'ura suna rubuta hoto ne a karkace, layi bayan layi, a jikin zaren. Hanyar haɗa hoto, abin da 'yan fim ke kira editin, ita ce a jera na'ura biyu, ɗaya tana kunna kaset ɗin da aka ɗauko, ɗaya tana naɗar abin da aka zaɓa a kan sabon kaset, daga farkon labari zuwa ƙarshensa bi da bi. Kowace mahaɗa wuri ne da hoto ke iya tsalle ko ya yage in na'urorin ba na ƙwararru ba ne. Wanda kuma ya kai minti na sittin sa'an nan ya ga ya kamata a rage wani abu a minti na goma, sai dai ya sake aikin daga can, ko ya sake kwafe duka a kan wani kaset, hoton ya ƙara lalacewa.

Mutumin da ɗauka ba ta ci masa komai, yanka kuwa yana ci masa lokaci da kuɗin haya da kyan hoto, ba sai an gaya masa abin da zai yi ba. Zai kafa kyamara, ya bar fitowa ta tafi daga sallama har sallama.

Akwai dalili na biyu da ya haɗu da wannan, wanda ya shafi harshe kai tsaye. Al'adar ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Hausa, tun a dandamali da rediyo da talabijin, ita ce a ba ɗan wasa ƙashin bayan fitowa, shi kuma ya sa mata nama da bakinsa. Graham Furniss ya yi bayanin wannan hali a littafinsa na 1996 a kan adabin Hausa. A ɗakin ɗaukar shiri na talabijin wannan ba ya hana sauya hoto, domin kyamara biyu ko uku ne ke aiki lokaci guda, wani yana zaune yana zaɓar wadda za ta fita. Mai kyamara ɗaya kuwa, in yana son ya nuna fuskar miji sa'an nan ya juya ya nuna ta mata, dole 'yan wasa su maimaita fitowar sau biyu ko uku, da kalmomi iri ɗaya da motsi iri ɗaya, don mahaɗa ta dace. Maganar da aka ƙaga nan take ba ta maimaituwa haka. Saboda haka aka zauna a kan tsarin da kowa ya sani: mutum biyu ko uku a kan doguwar kujera ko tabarma, duk suna ɗan fuskantar kyamara, mai ɗauka yana jawo hoto kusa ko ya mayar da shi nesa da maɓallin da ke ƙarƙashin yatsansa. Wannan jawowa da ake yawan kushewa ita ce ta tsaya a madadin yanka. Dabara ce ta wanda ya san abin da ke hannunsa, ko da yake an yi ta har ta gundura.

Ido da kunnen na'ura

Kaifin hoton VHS wajen layi 240 ne a kwance, alhali S-VHS da ya fito a 1987 yana kai wa 400. Launi kuwa ya fi shan wahala, domin tsarin VHS yana ware shi daga haske ya naɗe shi a ƙunci, har kaifinsa bai kai layi 50 ba. Shi ya sa jan kaya ke zuba ya wuce iyakar jikin mai shi, aikin allura a wuyan babbar riga ya zama tabo guda, zanen atamfa ya riƙa rawa. Haka nan kyamarar tana daidaita haske da kanta, kuma tazarar da take iya riƙewa tsakanin wuri mai haske da mai duhu kaɗan ce. A tsayar da mutum baƙi cikin farar shadda a tsakar ranar Kano, sai kyamara ta bi farin rigar ta tsuke idonta, fuskar ta nutse cikin duhu. Mai kallon da ya ce ba a iya haska 'yan wasa ba ya faɗi rabin magana. Sauran rabin yana ga injiniyoyin da suka gwada na'urarsu a kan wata fata da wata rana.

Wannan ƙarancin kaifi ya yanke wa fina-finan irin hoton da za su iya ɗauka. Hoton nesa, na badala ko cincirindon kasuwa ko hawan salla, yana bukatar kaifi don ƙananan abubuwa su fito, a kan VHS kuwa sai ya dagule. Fuska daga kusa ita ce ke tsira. Da aka haɗa wannan da wurin kallo, watau ƙaramin akwatin talabijin a ɗaki, a gaban matan aure da 'yan mata waɗanda al'ada ba ta yarda su shiga gidan silima ba, sai falo da tsakar gida suka zama dandamalin fim ɗin Hausa, rikicin aure da na gado da na kishi suka zama abincinsa. Ba a cewa na'ura ce ta zaɓi jigo. Littattafan soyayya na kasuwar Kano sun riga sun share wannan fage, har wasunsu, kamar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, aka mai da su fim. Amma na'urar ta fi ƙarfi daidai inda jigon ya fi bukata, shi ya sa suka zauna lafiya da juna.

Sauti ya fi hoto rauni. Zaren VHS a tsarin PAL yana tafiya santimita 2.34 a daƙiƙa, kusan rabin gudun kaset ɗin rediyo mai santimita 4.76, kuma a kan siririn layi a gefen wannan zare mai nawa ake naɗar murya a yawancin na'urori. Makirufo kuwa a goshin kyamara yake. Duk abin da ya fi kusa da shi, ko iska ko janareta ko kukan akuya, shi zai fi ɗauka, in an yi shiru kuma na'ura ta ɗaga ƙarfin ji da kanta, sai shuu ta cika ɗaki. Ɗan wasa ba shi da damar yin raɗa, ko ya juya baya yana magana, ko ya yi nisa. Yawan ɗaga murya da ake gani a waɗannan fina-finai, da rashin amfani da shiru a matsayin salo, suna da alaƙa da wannan.

Daga nan ne kuma za a fahimci wani abu game da waƙa da rawa. Babu musu daga fina-finan Indiya aka aro su. Hausawa sun shafe shekaru suna kallonsu a silima kafin bidiyo ta zo, kuma Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin sun yi rubutu mai yawa a kan haka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dalilin da ya sa wurin waƙa ya fi kowane wuri a fim kyan gani da kyan ji. Waƙar a ɗakin naɗar sauti ake yin ta, da fiyanon Yamaha, a ɗora ta a kan hoto daga baya. Ke nan a wannan wuri kaɗai kyamara ta kuɓuta daga makirufo: tana iya fita lambu, ta yi nisa, ta zagaya, a yanka yadda aka so, tun da bakin 'yan wasa bin waƙar da aka riga aka naɗa yake yi, ana kuma iya maimaita shi sau goma. Mai sayen kaset da ya fi son waƙa yana da hujja ta ido da kunne. Lokacin da Sangaya ya fito a ƙarshen shekarun 1990 ya cika kasuwa da waƙarsa, 'yan kasuwa sun riga sun gane cewa waƙa ce ke sayar da fim.

Kwali da gurza

Kaset ɗin da ya isa hannun mai kallo jika ne ko tattaɓa-kunne. Akwai wanda aka ɗauko a kyamara, akwai wanda aka haɗa a kansa, watau masta, akwai kwafin masta da ake ba ɗan kasuwa, sa'an nan wanda ɗan kasuwa ya gurza ya sayar. A kowane hawa hoto yana rage kaifi, launi yana ƙara zuba, shuu tana ƙaruwa, domin na'ura tana kwafe hoton ne tare da dattinsa, ta kuma ƙara nata. Tsarin cinikin ma bai ba mai fim iko a kan hawa na ƙarshe ba. Abin da furodusa ke sayar wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata shi ne kwalin da ya buga, su kuwa su sayi kaset marar komai, su jera na'urori su gurza, su sa a kwali. Irin kaset ɗin da aka saya, da tsabtar kawunan na'ura, da ƙarfin wutar lantarki a daren da aka yi gurzar, duk ba sa hannun darakta. Larkin ya nuna a littafinsa Signal and Noise na 2008 cewa wannan hanya gadon cinikin kwafen fina-finan Indiya da na Amurka ce, kuma idon mai kallo a Kano ya riga ya saba da dusasshen hoto tun kafin a yi fim ɗin Hausa ko ɗaya. (A ƙetaren iyaka ma akwai wani hawan: Jamhuriyar Nijar ta bi tsarin SECAM na Faransa, don haka kaset ɗin Kano yana iya fitowa fari da baƙi a Maraɗi ko Damagaram in kayan kallon ba masu karɓar tsari biyu ba ne.)

Inda na'ura ba ta da laifi

Duk wannan bai wanke masu shiryawa daga komai ba. Raba fim kashi biyu ko uku a zamanin kaset ba tilascin zare ba ne, tun da kaset ɗaya yana ɗaukar sa'a uku. Lissafin kwali ne: labari ɗaya, kwali biyu, riba biyu. Don a cika kashi na biyu ne ake nuna mota tun daga kan titi, maigadi ya taso, ya buɗe ƙofa, ta shiga, ta tsaya, a kashe ta, a fito, a rufe. Babu abin da ya hana a tsai da kyamara a nan. Haka nan labarin da ya saki zarensa a tsakiya, da tauraron da halinsa ya sauya ba dalili, da warwarar da ake yi da hatsarin mota ko ciwon ajali don an rasa mafita, duk raunin alƙalami ne, kuma takarda da biro ba su fi ƙarfin kowa ba a 1995.

Hujja mafi ƙarfi a kan haka ta zo ne da sauyin kayan aiki. Tsarin DV ya fito a 1995, da ƙaramin kaset mai naɗar hoto a matsayin lambobi, kaifinsa wajen layi 500, kuma kwafinsa ba ya rage komai. Da shi da kwamfuta suka yaɗu a Kano a farkon shekarun 2000, yanka ya zama kyauta: a ɗauke fitowa daga ƙarshe a kai ta farko, a rage daƙiƙa uku, a fasa, a mayar. Duk da haka doguwar kujera da doguwar fitowa ba su tafi nan da nan ba. Abin da ya soma a matsayin larura ya riga ya zama al'ada, 'yan wasa sun saba, masu kallo sun saba. Wani sabon aibi ma ya ƙaru, na wasa da kayan adon da ke cikin kwamfuta, hoto ya juya kamar shafin littafi ko ya tarwatse kamar gilashi ba tare da labari ya nema ba. Faifan VCD da ya maye gurbin kaset a kasuwa kuwa bai wuce minti 74 zuwa 80 ba, saboda haka a zamaninsa ne raba fim ya samu uzuri na gaske. Mai tarke da ya ga doguwar fitowa a fim ɗin 1993 da irinta a fim ɗin 2005 bai kamata ya yanke musu hukunci ɗaya ba.

Akwai kuma wurin da abin da ake kira aibi ya zama riba, musamman ga masu nazarin harshe. Doguwar gaisuwa da ake cewa ɓata lokaci ce, a wurin Bahaushe labari take bayarwa: wa ya durƙusa, wa ya amsa a taƙaice, wa ya ƙi ambatar sunan wa, wa ya tambayi gajiya bai tambayi iyali ba. Ƙwararren ɗan wasa yakan nuna ɓaraka tsakanin suruka da matar ɗa tun a cikin gaisuwa, kafin a furta kalmar faɗa ko ɗaya, kuma kyamarar da ba ta yanka ita ce ta ba shi filin yin haka. Daɗin daɗawa, tun da maganar ba rubutacciya ba ce, waɗannan kaset-kaset sun adana Hausar baka ta birnin Kano a shekarun 1990 fiye da kowane littafi: karin magana a muhallinsa, habaici da zambo na mata, sarar samari, yadda ake cusa Ingilishi da Larabci a zance, har da tsayawa da inda-inda da katse juna waɗanda marubuci kan share. Mai nazarin ginin jumla ko walwalar harshe da ke neman zance mai tsawo wanda ba a tsara ba, da wuya ya samu taska irin wannan.

Wane matani ake nazari?

Masu nazarin waƙoƙin ƙarni na 19 sun daɗe da sanin cewa ba a ɗora wa mawallafi kuskuren mai kwafe. Kafin a yi magana a kan karin waƙa ko amsa-amonta sai an tara kwafe-kwafen ajami, an gwada su, an gano wanda ya fi kusa da asali. Wannan ladabi bai shigo nazarin fim ba tukuna. Ɗalibi yakan ɗauko fim ɗin 1990 da wani abu daga YouTube, wanda wani ya juye daga tsohon kaset na haya, a kan na'urar da kanta ya ci, aka matse shi don ya hau intanet, wani lokaci ma an yanke farkonsa ko an haɗe kashi biyu, sa'an nan ya rubuta babi guda a kan rashin ingancin hoto da sauti a fina-finan farko. Abin da ya bayyana tarihin wannan kwafi ne. Mafi ƙarancin abin da ya kamata a nema daga kundin digiri shi ne ya faɗi irin kwafin da aka kalla, da tsawonsa, da inda aka same shi, da kuma irin kaset ɗin da aka ɗauki fim ɗin a kansa in an sani, kamar yadda ake faɗin bugu da shekara in littafi ne.

Asalin kuwa yana ƙarewa. Zaren bidiyo leda ce da aka shafa wa garin maganaɗisu da wani irin danƙo, kuma danƙon yana shan laima ya ruɓe, zare ya riƙa manne wa kansa ko ya zubar da garinsa a kan kawunan na'ura. Zafi yana gaggauta wannan, damina tana kawo fumfuna, ƙurar hunturu tana karce abin da ya rage. Masu adana kayan tarihi suna ƙiyasta wa irin wannan zare shekara 10 zuwa 30, fina-finan farko kuwa sun haura talatin. Masta da yawa ma ba su jira ruɓewa ba, domin kaset abu ne da ake sake naɗa a kansa, kuma tashoshin talabijin a ko'ina, har da BBC, sun goge shirye-shiryensu da hannunsu don tsimin zare. Fim ɗin majigi ya fi haƙuri: an gano asalin Shaihu Umar a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a 2016, bayan shekara 40, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Kaset ɗin da ya kwana shekara 40 a irin wannan ɗaki da wuya ya ba da ko minti ɗaya.

Ko zaren ya tsira, sai da na'urar da za ta karanta shi. Sony ya daina yin kaset ɗin Betamax a 2016, kuma a watan Yuli na wannan shekara kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar VHS, ya rufe layinsa. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da hoto ta duniya suka yi gargaɗi cewa wajen 2025 juyar da abin da ke kan zaren maganaɗisu zai yi wuya ƙwarai saboda ƙarewar na'urori da kayan gyaransu. Juyarwar ba ta da gajeriyar hanya: kaset mai sa'a uku sa'a uku yake ci, mutum yana zaune yana duban allo, yana tsayawa yana goge kawuna in sun toshe, kuma tsohon zare wani lokaci sau ɗaya yake yarda a kunna shi. Masta na fina-finan Tumbin Giwa da na tsararrakinsu, waɗanda suka rage, suna hannun furodusoshi da magadansu da tsofaffin 'yan kasuwar kaset, a cikin kwali ko buhu, kuma na'urorin da za su iya kunna su suna hannun masu gyaran rediyo da ke cire musu kaya don gyara wasu.